Naman Yaya a Cikin Kaki

Baba Siriri ba siriri ba ne. Gajere ne kakkaura, mai tumbin da farar rigar aiki ta daɗe da haƙura da rufe shi. Sunan daga hannunsa ya samo shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki a ɗakin gwaji na wani babban asibiti, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki, inda ko masu jinya ba sa ɓatan hanya su leƙa. Nan ake kawo ɗan naman da likita ya ciro daga jikin marar lafiya don a san abin da ke cin sa. Naman sai a tsane shi, a binne shi cikin kaki irin na kyandir, ya daskare ya zama ɗan curi kamar gutsuren sabulu. Daga nan a ɗaura shi a injin yanka, a fere shi falle-falle, a shimfiɗa fallen a kan gilashi, a rina, likita ya sa a madubin ƙara girma ya duba. Ferewar nan ita ce aikin Baba Siriri.

Injin yana da lambobi masu nuna kaurin falle. Yawancin ma'aikata a kan biyar suke yanka, gwanaye a kan huɗu. Shi a kan uku yake yi, ranar da ya tashi da nishaɗi ma biyu, kuma fallen ya fito sumul, ba yagewa ba naɗewa. Ukun nan, in kana son ka gane ta, ka samu silin gashi ɗaya ka tsaga shi gida ashirin. Sai ya ɗora curin a kan ƙanƙara ya yi sanyi, ya ɗan hura masa numfashi, ya juya hannun injin a hankali yana riƙe da nasa numfashin, ya ɗauki fallen da burushi ya kwantar a kan ruwan ɗumi ya miƙe. Likitoci ba sa duba sa hannu, da sun leƙa madubi sun san yankansa ne.

Abokiyar aikinsa, wadda kowa ke kira Mai Rini domin ita ke rina gilasan, mace ce da bakinta ba ya hutu. Kusan kullum sai ta ce masa, "Baba, duk sirantar da Allah ya hana jikinka ya tara maka ita a hannu." Shi kuwa ya ce, "Ke ma duk shirun da ya hana ki ni ya ba." Iyakar hirarsa ta yini ke nan, kuma ta ishe shi.

Gidansa ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, matakala goma sha bakwai. Ya taɓa aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba, babu haihuwa, kuma ba ya son a ɗauko maganar. Ɗaki na biyun na yayarsa ne. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta riƙa jan kunnensa har ya gama makaranta, da mijinta ya rasu kuma ta kwaso kayanta da 'yarta guda ta dawo wurinsa. Guga take yi a wani otal, tsaye daga safe har la'asar. Ba ta taɓa kiran sa da wani suna ba sai "kai ɗin nan". Kai ɗin nan ka ci abinci? Kai ɗin nan wa ya ce ka sa wannan rigar ba guga? Yana da furfura a gemu tana yi masa faɗa kamar ɗan shekara bakwai, kuma gaskiyar magana daɗin abin yake ji.

Shekara tara da suka wuce ƙafafun Yaya suka fara kumbura. Aka ce tsayuwa ce. Sai matakalar nan ta fara gagarar ta, ta hau biyar ta zauna, ta hau biyar ta zauna. Aka yi hoto, aka ce zuciyarta ta yi kauri ta ƙage, amma ba a ga dalili ba. Wani tsohon likita da ke wurin a lokacin ya yi zargin wata cuta da ba a cika gani ba, wadda wani sinadari ke taruwa kamar zare a tsakanin tsokar zuciya har ya hana ta motsi. Ya sa aka zura siririn bututu aka ciro ɗan nama daga zuciyar. Naman bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Dokar ɗakin gwaji ita ce ba ka taɓa naman ɗan'uwanka. Curi ba ya da suna, lamba ce kawai a jikinsa, amma Baba Siriri ya san lambar, ya haddace ta tun daga takardar. Ranar aikin wani ne, ya je ya same shi ya ce ya bar masa. Wa zai hana Baba Siriri yanka? A takardar, tsohon likitan ya rubuta a yi jan rini, a yanka a kan goma. Gwajin nan haka yake: a rina naman da ja, a sa shi tsakanin matatan haske biyu da aka gitta, fili ya yi baƙi ƙirin, in sinadarin yana nan sai ya haska kore. Amma sai fallen ya yi kauri sannan koren ke fitowa. Baba Siriri ya san wannan, ya karanta takardar sau biyu. Ya zauna gaban injin da naman yayarsa, ya juya lambar ta koma uku, ya yi yankan da bai taɓa yin mai kyaunsa ba a rayuwarsa. Bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba.

Tsohon likitan ya duba, bai ga kore ba, ya rubuta babu. Aiki ya yi masa yawa, kuma wa ke tuhumar gilashin da ya fito daga wannan hannun? Aka ci gaba da ba Yaya maganin zuciya irin na kowa. Bayan wata takwas ta rasu a ɗakinta da hantsi, Baba Siriri yana wurin aiki.

Kwana uku da rasuwar, 'yar Yaya, wadda a lokacin take karatun koyarwa, ta tare shi a bakin matakala ido jawur. "Kawu, kai da kake cikinsu, me ya kashe ta?"

Ya ce, "Kwana ne ya ƙare, 'yata."

"Na san kwana ne ya ƙare. Cutar nake tambaya."

Ya ce ba a gano ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma tun daga ranar ya kasa haɗa ido da ita. Da ta gama karatu ta yi aure ta koma wata unguwa, ya zama in ta kira waya sai ya gajarta, in ta ce za ta zo sai ya ce aiki. Ta haihu ya je ya ga jariri a tsaye ya fito. Sannu a hankali ta gaji ta rage kira, ita a ganinta Kawu ba ya son mutane ne. Shi kuwa kewarta ke cin sa. Yana dawowa daga aiki da yamma ya hau matakala, ya dafa shayi kofi ɗaya, ya zauna a bakin taga yana jin ƙarar masu cire taya a ƙasa har su rufe shago. Ɗakin Yaya yana share shi duk mako, ya ja ƙofar. Ya sha gaya wa kansa cewa ko da a kan goma ya yanka babu abin da za a gani. Wata rana ya yarda da hakan, wata rana bai yarda ba.

Saura wata biyar ya ajiye aiki aka kawo sabuwar likita, yarinya ce a idonsa, doguwa mai saurin tafiya, ta dawo daga ƙaro karatu da wata na'ura da aka ware wa ɗaki guda. Mai Rini ta tsani na'urar tun kafin a cire ta daga kwali, domin an ce ba ta bukatar rini. "To ni in tafi gida in rina zannuwa ke nan," in ji ta.

Likitar tana girmama Baba Siriri, Baba take ce masa, kuma ita kaɗai ce a cikin likitoci ta taɓa jawo kujera ta zauna kusa da injinsa. Ita ta yi masa bayanin na'urar.

"Baba, haske take harba wa naman, kowane sinadari kuma da irin amsar da yake mayarwa. Daga amsar take zana mana inda kowanne yake, ba sai an rina ba. Matsalar ita ce wasu amsoshin suna kama da juna. To hasken fitila ko'ina yake karkata, kamar gashin da ba a taje ba. Wannan matacin shi ke taje shi, duk ya kwanta gefe ɗaya. Abin da ke warwatse, ta ko'ina ka haska shi amsarsa ɗaya ce. Amma abin da ke jere kamar zare, in hasken ya bi tsawonsa amsarsa daban, in ya gitta shi daban. Sai mu riƙa juya hasken muna saurare."

Ya ce, "Ashe matacinmu na dā ne aka sa wa sabuwar riga."

Ta yi dariya. "Shi ne, Baba. Sai dai wannan ba ya jiran ido ya ga kore."

Don ta gwada na'urar, ta shiga tsofaffin takardu ta tsamo mutum ashirin waɗanda aka yi zargin cutar nan a jikinsu aka duba aka ce babu. Ta miƙo masa jerin lambobin ta ce ya nemo mata curin kowanne a ɗakin ajiya. Yana tsaye ya bi jerin da ido. Ta goma sha huɗu lambar Yaya ce.

Ɗakin ajiyar dogo ne, ba taga, durowoyin ƙarfe tun daga ƙasa har sama, kowace cike da curin kaki a jere, dubbai, na rayayyu da na matattu. Ya fi kowa sanin ɗakin. Ya tsamo goma sha tara ya jera a faranti. Na Yaya ya jefa a aljihun rigarsa. Curi yana ɓata, ba sabon abu ba ne, ko bara an nemi wasu an rasa. In ya ce bai gani ba, likitar za ta ja layi a kan lambar ta sa wata, shi kuma bayan wata biyar ya tafi gida da sunansa mai kyau, ba wanda zai taɓa sani, har shi kansa.

Ya kai mata goma sha tara ya ce ɗayan yana kan nema.

Kwana shida curin yana aljihunsa. Da shi yake hawa mota, da shi yake hawa matakala. In ya isa gida ya ajiye shi a kan tebur nesa da butar shayi don kada zafi ya taɓa kakin. In ya ɗaga shi a hasken taga yana hango ɗan ɗigon naman a tsakiya, launin ƙasa, ƙanƙani. Abin da ya rage na Yaya a bayan ƙasa ke nan. Ya ji tsoro, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ɗauke ta. A wurin aiki hannunsa ya fara ba shi kunya, falle biyu suka yage a rana ɗaya.

Mai Rini ta dube shi ta ce, "Baba, lafiya? Ko tsufan ne ya zo karɓar kayansa tun kafin wata biyar ɗin?"

Ya ɗauki burushi ya kwashe yagaggen fallen. Da ta ga haka ta koma kan rininta.

A rana ta bakwai likitar ta zo da farin ciki tana ba shi labari. Cikin goma sha taran, na'urar ta kama cutar a mutum biyu. Ta ce, "Ɗaya ma na sa a nemo iyalinsa. Akwai irin da ke bin jini, Baba, daga uwa ko uba zuwa ɗa. In aka gano da wuri yanzu akwai abin da ake yi."

Ya ɗago kai. "Yana bin jini?"

"Wani irin. Ba duka ba."

Ta fita. Ya zauna yana kallon injin. 'Yar Yaya shekararta talatin da biyu, da 'ya'ya biyu, kuma rabon da ya ga ƙafafunta har ya manta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da curin ya ɗora a kan ƙanƙara.

Da azahar ya kai wa likitar gilasan da kansa, ɗaya na na'ura, ɗaya a kan goma wanda Mai Rini ta rina da ja. Ya ce, "Na goma sha huɗun ya samu."

"Madalla! An ma yi sa'a akwai saura, irin waɗannan ƙananan yawanci yanka ɗaya suke ƙarewa. Zauna mana ka gani."

Ya zauna. Ta sa gilashin, ta rufe murfi, na'urar ta yi ta 'yar ƙararta. Hoton ya riƙa fitowa a allo layi-layi daga sama. Ta juya hasken, aka sake. Da ta haɗa hotunan biyu sai ga wasu zare-zare sun fito fili a tsakanin tsokar, sun naɗe ta ko'ina. Likitar ta matso da fuskarta. Ta tashi ta ɗauki jan gilashin ta sa a tsohon madubi, ta gitta matatan, ta leƙa, ta daɗe.

"Zo ka gani, Baba. Wannan ko makaho."

Ya sa ido. Fili baƙi ƙirin, a cikinsa kore shar, ba ɗigo ɗaya ba, ba biyu ba, ko'ina.

Likitar ta riga ta jawo tsohon gilashin na shekara tara daga ambulan, tana cewa, "To ta yaya aka rasa wannan?" Ta sa shi, ta juya, ta sake juyawa. Babu kore. Ta cire matacin ta duba fallen kansa. Ta san hannun. Duk wanda ya yi wata guda a ɗakin nan ya san shi.

Ya ce, "Ni ne. An rubuta goma, na yanka uku. Yayata ce."

Ta kashe fitilar madubin.

"Likita, ki gaya mini gaskiya, kada ki duba furfurata. Da an gani, da ta rayu?"

"Warkewa dai, a wancan lokacin, da wuya. Amma da an canza mata magani, akwai waɗanda aka ba ta da ba a ba mai wannan cutar. Wataƙila da ta ƙara shekara, wataƙila biyu, wataƙila ba ta ƙara komai ba. Ban sani ba, Baba, kuma ba zan ce maka na sani ba." Ta ɗan tsaya. "Tana da 'ya'ya?"

"Ɗaya."

"A kawo ta."

Washegari ya nemi izini, karo na farko cikin shekaru, ya hau mota biyu zuwa makarantar da 'yar Yaya ke koyarwa. Ya isa kafin a tashi, ya tsaya a gindin katanga cikin iyaye masu jiran yara, ba wanda ya san shi. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka yi ta fitowa da ihu, wuri ya watse. Can sai ga ta da tarin littattafai a hannu, alli a gefen mayafinta. Tafiyar uwarta sak. Abin da ya fara dubawa ƙafafunta ne, bai ga kumburi ba.

"Kawu? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, 'yata. Tambayar da kika yi mini ce na kawo amsarta."

"Wace tambaya?"

"A bakin matakala."

Ta gane. Suka koma cikin ajinta, ya zauna a bencin yara gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, ita tana tsaye jikin tebur. Ya faɗa mata sunan cutar yadda likita ta rubuta masa a takarda. Ya faɗa mata dokar da ya karya, da abin da aka rubuta, da abin da ya yi, da abin da aka gani jiya. Bai rage komai ba, har kwana shidan da curin ya yi a aljihunsa. Ya ce ana son a duba jininta da zuciyarta, ita da yaran.

Ta daɗe tana kallon allo. Da ta juyo hawaye ne a fuskarta, amma muryarta ba ta rawa.

"Shi ya sa ka guje ni."

"Shi ya sa."

"Ni ina can ina cewa me na yi wa Kawu. Uwata ta tafi, kai ma ka bi ta da ƙafa, ka bar ni ba kowa." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka san a kan goma ake yi?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

Shekara tara bai bar kansa ya kai bakin wannan tambayar ba. Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa.

"Naman ɗan mitsitsi ne. In na yanka a kan goma, falle kaɗan zai ƙare." Ya ɗago ya dube ta. "Ban so in ƙarar da ita ba."

'Yar Yaya ta zauna a kan kujerarta. Wani mai shara ya leƙo ya ga baƙo ya wuce. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ta tattara littattafanta ta daidaita bakinsu a kan tebur, ta sake daidaitawa.

"Zan je," ta ce. "Saboda yaran. Amma in har sai an ciri nawa, ba kai za ka yanka ba, Kawu."

Maganar ta shige shi har ƙashi, ya kuma san daidai ce. "Ba ni ba."

"Wace rana likitar take gani?"

"Talata, daga ƙarfe takwas."

"Ban san cikin asibitin nan ba. Rabona da shi tun ranar da aka sallame ta muka fito da ita."

"Zan tsaya a bakin ƙofa tun bakwai."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki littattafanta. Suka fito tare har bakin titi. Motarta ta riga zuwa, ta shiga, shi ya tsaya yana jiran tasa.